An Fesa wa Lambun Mai Gidana Maganin Ciyawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Mazauna Rukunin Gidajenmu na Tungan Maje,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na kawo maganar nan bainar jama'a. Na je ofis ban same ka ba, na bar saƙo wurin sakatare, na kira waya ba a ɗaga ba. Na gaji da zirya, ga majinyaci a gida.

Sunana Asabe, matar Malam Garba, gidanmu ne na ƙarshe a jikin katangar baya. Waɗanda suka daɗe a nan sun san shi. Direba ne a tashar Utako, har bara da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti likita ya ce ya riƙa cin ganye, ya kuma riƙa motsa hannun. Ganye kam ina iya sayowa. Motsa hannun ne ya gagara, don mutumin da ya saba kullum yana bisa hanya ya koma kwance yana kallon silin, ko tsakar gida ba ya son fitowa.

Maƙwabciyata Maman Blessing, mutuniyar Kafanchan, ita ta kawo shawarar lambu. Akwai siririn fili tsakanin bayan gidajenmu da katanga, wanda a da juji ne, har maciji an taɓa kashewa a ciki. Kafin mu taɓa shi sai da muka gaya wa sakatarenka. Ya ce, "Madam, ba wahala, ai taimakonmu kuka yi." Mu biyu muka kwashe sharar, muka yi kaftu, muka zuba kashin kaji. Ƙarshen watan Satumba muka shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa, muka yayyafa irin tumatir da latas don dashe, ita kuma ta sa ugu, wani ganyen miya mai yaɗo, ya hau katanga.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, batun ruwa. Kowa ya ga yadda damina ta ɗauke da wuri bana. Ƙasa ta yi tauri, ta fara tsagewa tun shukar ba ta yi ƙwari ba. A daidai lokacin kwamiti ya sanar cewa ruwan bohol ya ja baya, don haka an hana ba shuka ruwan famfo. Ban yi gardama ba. Ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗaurayar kwanuka, har na alwala, duk a baho nake tarawa in ɗauka zuwa baya. Amma ranka ya daɗe, duk safiya ina ganin ana wanke motoci da tiyo a layin gaba, ruwa na malala har kwata. Ciyawar adon da ke bakin get kuma ba ta taɓa kwana da ƙishi ba. Dokar a kan alayyafo kaɗai ta tsaya ne?

Na biyu, kuma shi ne ya sa ni rubutu. Lambun nan ya fitar da Malam daga ɗaki. Da farko kujera kawai muke kai masa ya zauna yana yi mana gyara, wai ba mu iya jan kunya ba. Daga baya ya karɓi buta da hannun hagu, sannan ya fara gwada na daman. Rabin ruwan a ƙafarsa yake zubewa, amma yana yi. Har faɗa ya dawo yi da ni a kan na cika tsinkar yakuwa tun ba ta isa ba, ni kuwa ina jin daɗin faɗan.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Oktoba na tafi kasuwar Wuse, Maman Blessing tana coci wajen koyon waƙa. Masu gyaran harabar da kwamiti ya ɗauko suka bi katanga da tankin feshi a baya. Malam yana zaune a wurin. Ya ɗaga hannu, ya yi ta ƙoƙarin ce musu su tsaya, amma harshensa ya yi nauyi tun da ciwon ya same shi. Suka gaishe shi, "Sannu Baba," suka fesa, suka wuce. Da na dawo na same shi a kujerar, butar a ƙasa, wurin yana warin magani. Kafin mako ya zagayo komai ya yi rawaya ya kwanta, har ugun da ya kusa kai saman katanga.

Ban riƙe ma'aikatan a zuciya ba. Na tare shugabansu ya ce, "Hajiya, oga ne ya ce duk kore da ke jikin katanga a kashe." Abin da aka sa su suka yi.

Na uku, amsar da na samu. Sakataren da ya ce mun taimaka, shi ne yanzu yake cewa filin na rukuni ne, kuma bai tuna mun yi magana ba. Ban ce filin nawa ne ba. Amma lokacin da yake juji, ba wanda ya tuna na rukuni ne.

Tun ranar Malam bai sake zagayawa baya ba. Ya koma gadonsa, hannun da ya fara buɗewa yana neman sake dunƙulewa.

Ba diyya nake nema ba. Ina roƙon a faɗa mana a rubuce ko an yarda mu sake shuka a wurin, don lokacin dashen tumatir da latas yana wucewa, in zafi ya shigo kuwa an gama. Ina roƙon a riƙa sanar da mazauna kafin a yi feshi, ko don yaran da ke wasa a jikin katangar. In ruwa ya yi ƙaranci, a rage wa kowa, da mai mota da mai lambu. Sannan in da hali, ka tako da kanka ka gaida Malam. A gabansa aka yi, ya kamata wani ya ce masa a yi haƙuri.

Maman Blessing ta samo wani irin, tana ta ƙarfafa mini gwiwa. Ni dai bayana ba zai iya wani kaftun a kan wataƙila ba. In amsar a'a ce, a faɗa mini kai tsaye, in daina ce wa Malam gobe za mu shuka.

Allah ya taya ka riƙon jama'a, ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa kada ka ga ranar da za ka yi magana a kasa fahimtarka.

Wassalam.

Asabe, matar Malam Garba,
Gidan ƙarshe, layin baya.