Batirin Akwatin Ƙwai

Zuwa ga Angona mai wayoyi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Ga kacici-kacici, ka amsa in kanka na ja: wane ne aka yanke wa abinci tun jiya, amma ya ƙi sakin aikinsa?

Bayan haka, akwatin ƙyanƙyasar da ka haɗa mini ya haukace. Fitilar ɗumin ta ƙi mutuwa. Ma'aunin zafin ya wuce jan layin da ka zana. Ƙwai arba'in, saura kwana biyu su fashe! In na zare wayar akwatin daga bango su yi sanyi, in na mayar su dahu. Ina tsaye da murfi a hannu ina fifita. Ka ba direban bas amsa kafin ya juyo.

Taka,
Kaka

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa da ladabi. Kaka, wa ya yanke masa abincin? Kin cire batirin ƙaramin allon wayoyin da ke jikin akwatin, ko ba haka ba? Makunnin da na sa, wato rile, ɗan bugun wuta ɗaya yake so ya kunna fitilar, wani bugun a juye ya kashe ta. Ba batiri, ba mai aika masa na biyun.

Ki samo sabon batiri. Ki zare jar wayar rilen da baƙar daga allon. Ki ɗora jar a gindin batirin, baƙar a kansa, ƙiftawar ido kawai. In kika danne kamar yadda kike danne mini kunne, zai ƙone, ƙwan kuma sun tafi. Kika ji "ƙas", ki mayar da komai wurinsa.

Allah Ya ƙara lafiya.
Jikanki

Ango marar kunya,

Na gaishe ka. E, rediyona na sa wa. Na cire, na ga fitilar na ci abinta, na ce ashe ado ka maƙala.

Sau biyu wayar na zamewa. A na uku ya ce ƙas, fitilar ta mutu. Yau 'yan tsaki talatin da ɗaya suna tsiwa a kwali. Ƙwai tara ba su motsa ba, na binne su bayan ɗaki, ban ci abincin rana ba.

Amsar kuwa rilenka ne mai riƙo: inda bugun ƙarshe ya bar shi, nan yake zama, da wuta ko babu.

Ka huta lafiya.
Kaka