Tallafin Gonar Bakin Rafi

Saulawa, Ikara

Zuwa ga maigidana, Baban Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Murja tana gaishe ka. Ta yi famfara, in ta yi dariya sai ka ce tsohuwa.

Wannan wasiƙar ma Ɗayyabu direba zan ba, mai kai rake kudu daga Makarfi. Kullum cewa yake ya ajiye wa mai shayin tashar da ya taɓa ganinka kana dako, amma bai sake sa ka a ido ba. Layinka kuwa tun azumi ya daina shiga.

Ruwa ya ci gonar bakin rafi. Masarar da na nome da hannuna ta kwanta cikin laka. Jami'an gwamnati sun zo rubuta waɗanda ambaliya ta shafa, suka ce kowa ya tsaya a gonarsa a ɗauki hoto. Kowace gona da namijinta, ni kaɗai ce mace, tsaye cikin taɓo da hijabi, riƙe da kwali mai sunanka. Na ji kunya, amma kunya ba ta cika rumbu. Sun ce asusunka na banki za a tura tallafin, don shi ke cikin rajistar ƙungiyar manoma.

Yayanka Usmanu ya sake tayar da zancen tirelar da ta kife a hanyar Lokoja, wai kana cikinta, a yi maka addu'a in shiga takaba. Na ce masa ban ga gawa ba.

Taka har kullum,
Suwaiba

Baban Murja,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Da fatan jiki lafiya.

Tallafi ya shigo! Tsohuwar wayarka da ka bar min ce ta yi ƙara ina tankaɗe, na ga saƙon banki. Unguwa ta kaure da murna, mijin Lantana maƙwabciyarmu har ya yanka zakara. Ni sai na zauna ina kallon wayar, ba wanda zan nuna wa.

Na hau acaɓa zuwa Ikara, a banki suka ce sai mai asusu da kansa. Katin kuma yana aljihunka, lambar sirrinsa ko ni ba ka taɓa gaya min ba, sarkin ɓoyo. Ga kuɗi a wayata, ga tukunya ba komai.

Ina so in sayi irin tumatir, in yi hayar injin ban ruwa kafin rani ya yi nisa. In kana raye, ka turo katin da lambar ta hannun Ɗayyabu. Ko ka zo da ƙafarka, wallahi na fi son hakan. Gidan nan ya yi min faɗi.

Matarka,
Suwaiba

Baban Murja,

Ina gaisuwa. Wannan karon ba sai na tambayi lafiyarka ba.

Jiya da hantsi wayar ta sake ƙara. An cire kuɗin duka, a Fatakwal. Sai da na yi sujada a tsakar gida, na yi kuka har Murja ta tsorata. Na aika wa Usmanu cewa ba takaba, ƙaninsa yana nan da ransa.

Ina wanke-wanke sannan tunani ya zo min. Saƙon banki nan yake shigowa, ba can ba. Ba wanda ya san ranar da kuɗin suka shiga sai ni, ni kuwa kai kaɗai na rubuta wa.

Ashe wasiƙuna suna isa gare ka. Ashe duk ka karanta.

Na yafe kuɗin, wataƙila yunwarka ta fi tamu. Zan bi Lantana tsinkar barkono a gonakin Kudan, a biya mu da yamma. Da layi ɗaya ka rubuto, ko na ban haƙuri ne, da ya ishe ni har damina.

Na gaya wa Ɗayyabu ba sai ya sake tsayawa ƙofar gidanmu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Suwaiba