Injin Baba bai sha maganin hayaƙi ba

Assalamu alaikum Yaya Sabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Anti Hadiza da yara? Mu nan Bunkure lafiya ƙalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Labarin injin ban-ruwan marigayi Baba zan ba ka. Da ya fara hayaƙi, maƙwabcinmu na gona, Alhaji Tukur, ya matsa min in zuba wani magani mai kauri kamar zuma da ake haɗawa da baƙin mai. Ya ce, "Kai Lawan, nawa fa tunda ya sha ya daina tari." Na ƙi. Na kai wa bakanike ya canza ringin cikinsa da ya cinye yake jawo hayaƙin, na zuba sabon mai yadda Baba yake yi.

Ashe maganin ɓoye ciwon kawai ya yi. Tumatir na tsakiyar fure injin Alhaji ya buga. Wallahi Yaya, tsohon injin da kuka ce in sayar, shi ya shayar da gonakin biyu!

A taya mu addu'a Allah ya kawo kasuwa. Ka gaida kowa. In ka zo, sai ka ba injin haƙuri da bakinka.

Ƙaninka,
Lawan