Tafkin da Babu Shi a Taswira

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Na je neman kabarinki, ban same shi ba. Na ce gara ki ji daga bakina.

Kin rasu da damina ina ƙarami, muna zaune da shanu a dajin da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. A nan aka binne ki, yadda makiyaya ke yi, kaka ta yi aka tashi. Har Baffa ya bi ki kwatancensa bai canja ba: gabas da tafki, a gindin jigawa. Kin san mijinki da rowar magana.

Abin da na riƙe naki kaɗan ne. Kina wanke ƙwarya a bakin ruwan nan, kina ce mini, "Kai, fito, akwai matsattsaku."

A Gumel wani tsohon ma'aikacin safiyo ya shimfiɗa mini taswirar zamanin Turawa, duk ta yi ja don tsufa. Siraran layuka sun nuna kowane tudu da kwari, ga burtali, ga rijiyoyi. Babu tafkinmu. Ya ce da rani masu awon ke fita, lokacin da mota ke iya shiga daji, ruwan da ya ƙafe kafin su zo bai shiga takarda ba.

Na ce to. Ban ji komai ba, Inna. Na yi masa godiya, na fita na ci abinci.

Duk da haka na zaɓi wani kwari a cikin taswirar, na hau acaɓa muka je. Wurin ya zama gonar riɗi, jigayi ta ko'ina. Mai gonar ya ce bai taɓa jin akwai kabari a nan ba, amma ya bar ni in shiga.

Na tsaya a bakin gona ina jiran kuka, bai zo ba. Sai na cire takalmana na riƙe a hannu, tunda ban san ta inda kike ba. Na bi tsakanin kunyoyin a hankali har ƙarshen gonar, ina sallama.

Allah ya yalwata makwancinki, ya kai miki haske inda na kasa kaiwa. In na taka ki, Innata, ki yafe mini.

Ɗanki,
Buba