Makullin Motar Babanku

Zuwa ga 'yata, Maman 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina. Ya tarin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Na rubuto ne domin a waya ba kya bari in kai aya. Labari ya iso ni cewa ke da yayanki da Auta kun haɗa kai, kun yanke cewa in motar Babanku ta sake tsayawa a hanya za ku karɓe makulli. Wai ya fara mantuwa, ba ya zuba mata ruwa, shi ya sa take tafasa. To sannunku da aiki!

Gaskiya ne ta tafasa da mu a hanyar asibiti, tururi ya turnuƙe bonet har masu wucewa suka taru. Amma ruwa kam an zuba. Ni nake miƙa masa buta kowace safiya, a gabana yake cika lagireto. Mutumin da ya ciyar da ku da sitiyari tun ba ki yi haƙori ba, yau shi za a koya wa shayar da mota? Tun da maganar ta shiga kunnensa tuwon kirki bai ci ba, sai ya zauna a ƙofar gareji yana kallon motar. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida maigidan. Ki kuma gaya wa 'yan'uwanki zancen makulli yana hannuna.

Taki,
Inna.

'Yata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Saƙon magani ya iso, Allah ya yi albarka.

Bakanike ya wanke lagireto, ya canza tiyo, ya duba fanka, amma ko kasuwa ba mu kai ba allurar zafi ta sake haurawa ja. Yayanki ya zo da zancen a sayar da ita a ɗaukar mana direba. Na ce masa in ya gaji da tsofaffi ya fara sayar da ni.

Da ya tafi, Babanku ya ce in riƙe masa bonet. Ya buɗe lagireto tun inji na sanyi, ya tayar, muka tsaya har ya ɗumama. Ruwan nan ko motsin kirki ba ya yi, kwance kamar na randa. Ya sa na taɓa tiyon sama, zafi zau, na ƙasa kuwa da kyar ya yi ɗumi. Sai ya ce ruwa yana nan, zagayawa ne ba ya yi, kuma tafasar ba ta fara ba sai bayan da aka sa sabon famfon ruwa, wanda Auta ya sayo da tsohon ya fara yoyo.

Babanku ya kwance famfon da kansa, ni ce mai miƙa sifana, har na iya gane ta goma da ta sha biyu. Ya ɗauko tsohon a cikin tarkacensa ya jera su. A ido kamar an tsaga kara, ramukan noti duk sun hau. Amma fukafukan da ke tura ruwa a ciki, na sabon sun karkata ne ta wani ɓangare dabam. Ashe na ƙanwar motar ne da aka ƙera daga baya, ita bel ɗinta baya yake juya famfo. A tamu sai ya yi ta kaɗa ruwa a banza. Ba laifin Auta ba ne, mai shago ya rantse masa duk ɗaya ne. Amma wallahi ba mantuwar Babanku ba ce, ki karanta wannan layin sau biyu.

Yanzu muna neman irin na da a wajen masu tsofaffin kayan mota. Allah ya sa a dace.

Inna.

'Yata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya yara, ya hidima?

An samu famfo, an ɗaura. Jiya da hantsi muka fita gwaji, muka hau doguwar hanya har bayan gari, rana na dukan bonet, allura ko gezau. Babanku har da 'yar waƙarsa ta direbobi. Rabon da in ji dariyarsa haka na manta.

Sauran zancen ke kaɗai nake gaya wa, domin ban iya ƙarya ba. A dawowa, da muka iso mararrabar unguwarmu, sai ya rage gudu ya tsaya a gefe. Ya daɗe yana duban hagu da dama. Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ni ta ina ake shiga gida. Layin da muke zaune tun kafin a haife ki. Na ce masa hagu kamar ba komai, ya karya kan mota tsaf ya shigar da ita gareji ba tare da ya goga ko'ina ba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Na san abin da za ki ce, to ki riƙe abinki. Likita za mu gani, wannan na yarda, kuma abin da ya faɗa zan ji. Daga yau ba zai sake fita shi kaɗai ba, kujerar gaba tawa ce. Shi ya san inji, ni na san hanya. Ranar da na ga idonsa ko ƙafarsa ta gaza, ni zan karɓi makullin nan da hannuna, a cikin ɗaki, ba mai gani, ba kuma ɗan da ya haifa ne zai miƙa masa hannu a tsakar gida ba. Kada wanda ya kuskura ya riga ni.

Ki shafa mini kan 'yan biyu. Ki sa Babanku a addu'a.

Mahaifiyarki,
Inna.