A Kan Mutuwar 'Yata Murna a Bakin Ƙofar Lambunku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ba da Izinin Taro,
Lambun Shaƙatawa na Jama'a da ke yankinmu, ƙetaren kogi, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara.

Sunana Bitrus Dogara. Malamin firamare ne ni, ina zaune a Narayi tare da matata Rahila, wadda take sana'ar ɗinki. Allah ya ba mu 'ya'ya mata biyu, yanzu saura ɗaya. Na yi ta zarya zuwa ofishinka har masinjanka ya daina amsa gaisuwata, ban taɓa samun ganinka ba. Shi ya sa na kawo maganar nan inda kowa zai karanta. Ban ambaci sunan lambun ba, domin kai ka san shi, iyayen da suka tsinci takalman 'ya'yansu a cikin taɓo ran nan su ma sun san shi.

Na ɗaya, izini biyu a rana ɗaya.

Litinin ɗin da ke bin Ista, kamar yadda muka saba kowace shekara, iyalan cocinmu kan ɗauki abinci su fita shan iska da yara. Bana fastonmu ya nemi izini a ofishinka tun da wuri, aka ba shi, aka ce gefen itatuwan mangwaro da wajen lilon yara namu ne. Babu wanda ya gaya mana cewa a wannan ranar kun ba wani mai shirya wasan mawaƙa filin gaba ɗaya. Sai da muka sauka daga mota da kulolinmu na shinkafa muka ga dandamali, da manyan lasifikoki, da teburin sayar da tikiti. Wajen lilo kuwa an jibge akwatunan giya, masu tsire sun kafa tukubarsu a kusa. Murna, babbar 'yata, mai shekara bakwai, ta yi ta jan rigata tana tambaya yaushe za a kwashe kwalaben ta hau lilo. Na ce mata an jima. Ba ta hau ba.

Na biyu, ƙofa.

Lambun nan yana da babbar ƙofa ta mota, da ta baya, da wata 'yar ƙarama a gefen babbar, wadda mutum ɗaya ke bi. Ran nan an ɗaure babbar da ta bayan da sarƙa da kwaɗo, don kada wani ya shiga bai sayi tikiti ba. Ƙaramar kaɗai aka bari, aka tsayar da ƙarti a bakinta, kowanne da dorina. Mun yi shawarar komawa gida, amma yara sun riga sun ci ado tun safe, ga abinci an dafa, ga takardar izininku a hannun fasto. Muka shiga, saboda mun ɗauka wanda ya ba da izini ya san abin da yake yi.

Wajen la'asar hadari ya taso, ruwan farko na shekara. Iska ta ɗaga wata rumfa ta maka ta a kan wayar janareta, tartsatsi ya tashi, wani ya yi ihu. Yallaɓai, kai ma ɗan garin nan ne. Mutumin Kaduna idan ya ji ihu a cikin taro ba ya tsayawa tambayar me ya faru. Duk jama'ar da ke filin nan suka nufi ƙofa ɗaya. Rahila tana goye da ƙaramar 'yarmu, ni ina riƙe da hannun Murna. Aka ture ni ta baya, aka ture ni ta gefe, na ji hannunta yana zamewa daga nawa, sai na ji babu shi. Ina kiran sunanta ina jin kafaɗun mutane suna tafiya da ni kamar ba ni da ƙafa.

A gindin babbar ƙofar nan mai sarƙa na same ta. An matse ta da ƙarfen, ta faɗi, an bi ta kanta. Amma tana numfashi. Ina so ka riƙe wannan, ranka ya daɗe: tana numfashi, har ta buɗe ido ta kalle ni.

Na ɗauke ta na tsaya gaban ƙaton da ke tsaron wurin, na ce ya dubi Allah ya buɗe. Ya ce, "Baba, makulli na wajen oga. Ko yana hannuna ma, ba a ba ni oda ba." Na durƙusa masa a cikin ruwa, ni da na isa in haife shi. Ya juya ya ci gaba da zabga wa samarin da ke ƙoƙarin haura katanga dorina. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin da na sani shi ne, makullin da aka ce babu ya fito a lokacin da babban baƙon wasan ya shiga motarsa. Aka kwance sarƙa, mota ta wuce, suka fara mayar da ƙofa. Na kutsa a bayan motar, dorina ta sauka a gadon bayana, na fita.

Na uku, waje.

Babu motar asibiti. Babu ma'aikacin jinya ko ɗaya, babu ko akwatin magani. Titin gaban lambun ya toshe da motocin da aka ajiye hagu da dama, ba mai ba da hannu. Wani mai keke napep ya so ya taimaka, ya kasa ko juyawa. Da ƙafa na ruga da ita har mahaɗar titi, inda wani ɗan acaɓa ya ɗauke mu, bai ma tsaya tambayar inda za mu ba. A kan babur ɗin nan na ji jikinta ya saki. Da muka isa asibiti likita ya duba ta, ya ɗago ya kalle ni, ya cire abin awon da ke kunnensa.

Daga baya 'yan cocinmu suka gaya mini abin da ya biyo baya. Da ruwa ya ɗauke, an gyara waya, an tayar da janareta, wasa ya ci gaba. Matan zumuntar cocinmu suna tsintar kuloli da takalman yara a cikin taɓo, mai gabatarwa yana kan dandamali yana cewa kowa ya ɗaga hannu sama.

Na huɗu, abin da na tarar a ofishinku.

Mun kai Murna ƙauye mun binne ta kusa da kakarta. Daga lambun nan babu wanda ya taka ƙofar gidana, babu wanda ya buga waya. Da na dawo na je da kaina. Sakataren ofishinka ya saurare ni yana danna wayarsa, sannan ya ce in kawo guntun tikitin yarinyar. Na ce yara ba a yankar musu tikiti ran nan. Ya ce, "To ta yaya za mu tabbatar a cikin lambu abin ya faru?" Na ce akwai shaidu, coci guda. Ya ce ai bisa ga bayanina ma a kan hanya ta cika, ba a harabarsu ba.

Mataimakinka ya fi shi iya magana. Ya ba ni kujera, ya ce harkar ƙofa ba ta ofis ba ce, ta mai shirya wasa ce, in neme shi. Lambar da ya ba ni ba ta shiga har yau. Da na koma, sai ya ce, "Malam, kai ma da ka ga irin taron, me ya kai ka shiga da yara?" Da zan fita ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare. Ni mai bi ne, ranka ya daɗe. Na san Ubangiji ne mai bayarwa, shi ne mai karɓa. Amma ba Ubangiji ne ya sayo sarƙar nan ba, ba shi ne ya sa hannu a izini biyu ba, ba kuma shi ne ya ɓoye makulli a aljihu har sai da mai mota ya tashi tafiya ba.

Duk da haka na yi shiru. Fasto ya ce in bar wa Allah, dattawan garinmu suka ce talaka ba ya shari'a da ofis. Na koma aji ina koyar da 'ya'yan mutane, sa'o'in 'yata. Da abin ya tsaya a nan, da ba ka ga wannan wasiƙa ba.

Na biyar.

Tun bayan jana'iza Rahila ba ta fita ko'ina sai coci. Keken ɗinkinta ya yi ƙura. Makon jiya na lallashe ta ta je kasuwa sayen zare, ko zuciyarta ta ɗan sake. Motar da ta shiga ta bi ta gaban lambunku. A saman babbar ƙofar nan kun kafa ƙaton allon tallar bikin yara na Kirsimeti, an rubuta a kawo yara su sha wasa cikin tsaro. Hoton da ke kan allon na wata yarinya ce tana dariya, da giɓin haƙoranta na gaba, sanye da rigar atamfa ruwan ɗorawa. Rahila ce ta ɗinka rigar nan da hannunta a daren Asabar ɗin Ista. Ashe mai ɗaukar hotonku ya zagaya ran nan kafin hadari ya taso.

Matata ta ƙwalla ƙara a cikin mota, ta sauka tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta tsaya a ƙarƙashin allon tana kiran sunan 'yarta, mutane suka taru suna tsammanin taɓin hankali ne. Wata maƙwabciyarmu da ke dawowa daga Kamazou ce ta gane ta, ta kawo ta gida. Tun ran nan ba ta ci abincin kirki ba.

Na koma ofishinku na roƙi a sauke allon. Sakataren nan ya ce mai talla ya riga ya biya, sai bayan sabuwar shekara. Na ce masa yarinyar da ke jiki ita ce wadda ya ce ba shi da tabbacin ta shiga lambun. Ya leƙa ta taga ya dubi allon, ya ce, "To ai ba a rubuce yake a fuskarta ba."

Ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Ba diyya nake nema ba, kada wani ya zo mini da ambulan.

Kada ku sake ba taro biyu izini a fili ɗaya, rana ɗaya, musamman idan ɗayan na yara ne. Duk ranar taro a bar kowace ƙofa a buɗe, makulli kuma ya kasance a hannun ma'aikacinku da ke tsaye a wurin, ba a hannun mai sayar da tikiti ba. Kada a kunna lasifika sai motar asibiti tana tsaye kuma hanyar fitarta a buɗe take. A raba masu tsaron ƙofa da dorina. Kafin bikin Kirsimetin nan, ka fito da bakinka ka gaya wa iyayen Narayi da Trikania da Kamazou abin da ya faru ranar Litinin ɗin Ista, su yanke wa kansu shawara ko za su kawo 'ya'yansu. Kuma ina so in ji sunan wanda makullin yake aljihunsa. Ba zan yi masa komai ba. So nake in ga fuskarsa, shi ma ya ga tawa.

Sai allon. Ku sauke shi a wannan makon. Amma ina roƙonka, ka gaya wa yaranka kada su yaga shi, kada kuma su jefar da shi a bayan ofis. Su naɗe shi a hankali, ni zan zo in ɗauka da kaina. Ba mu ɗauke ta hoto ran nan ba, mun ce sai ta hau lilo. Uwarta ta ce tana son shi.

Ina addu'a Allah ya tsare maka 'ya'yanka, ya raya su har su binne ka da hannunsu. Kada ya nuna maka ranar da za ka durƙusa wa wani a bakin ƙofa da ɗanka a hannu. Ya kuma ba ka ƙarfin halin karanta wasiƙar nan har ƙarshe, kai da kanka, ba sakatarenka ba.

Wassalam.

Naka,
Bitrus Dogara, mahaifin Murna,
Narayi, Kaduna.