Rassa a Kan Tafki

Litinin, 14 ga Yuli, 1941

'Yan fim sun cika mana gari. Wai fim za su yi a kan irinmu, matuƙan ƙananan jiragen sama na daji da suka shiga sojan sama. Abin dariya. Ni sau biyu ina zuwa Ottawa, babban birni, neman shiga sojan, sau biyu ana koro ni: shekara talatin da tara, ba takardar makaranta. Awa dubu huɗu da na yi a sama ba wanda ya tambaya. Har yau abin yana ci mini rai. 'Yan fim dai sun ɗauke ni in tuƙa jirgina mai sauka a kan ruwa a madadin jarumin, wanda ko tsani ya hau sai an riƙe masa.

Laraba, 16 ga Yuli

Sun shafe jirgina da jan fenti. Eino, bakanikena, sai tsiya yake mini, wai saura ni a shafa wa jan baki.

Sojan sama sun turo wani hafsa, Pringle, ya sa ido a kan aikin. Na gaishe shi, ya kalli takalmana.

Juma'a, 18 ga Yuli

Darakta yana so in sauka a tafki da sassafe, lokacin da ruwa ya kwanta kamar madubi, wai ya fi kyau a hoto. Na gaya masa kwantaccen ruwa shi ke kashe mu. Ido ba ya gane nisansa, sai dai ka ji ka dake shi da hancin jirgi. Haka ya ci abokina Armand bara. Darakta ya ce in ba zan iya ba a nemo wani. Pringle na tsaye yana ji. In na janye a gabansa, maganar soja ta mutu ke nan.

Matata Albertine ta ce, "Ovila, in ka mutu saboda fim, ka sani ba zan je kallo ba."

Asabar, 19 ga Yuli

Na sauka, lafiya lau!

Da asuba ni da Eino muka sari rassan bishiya, muka cika bayan kujera. Na zagayo ƙasa-ƙasa, na watsa su ta taga, dogon layi a kan ruwa. Da na sake zagayowa, ga su suna yawo, ido ya sami abin kamawa. Jirgi ya zauna kamar an kwantar da jariri.

Darakta ya yi ta kumfar baki, wai na ƙazantar masa da tafki. Pringle kuwa ya shigo ruwa har gwiwa, da takalman nan nasa masu sheƙi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Mutuwar Armand," na ce.

Sai ya ce yana da samari da za su riƙa sauka a kan ruwa, suna bukatar mai koya musu. Ya rubuta sunana, har ya tambayi yadda ake rubuta shi.

Litinin, 4 ga Agusta

Wasiƙa ta zo. Sojan sama sun ɗauke ni koyarwa, ko maganar shekaru babu. Na karanta wa Eino sau uku har ya toshe kunne. Albertine ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Asabar, 14 ga Fabrairu, 1942

An nuna fim ɗin a garin da barikinmu yake. Ɗalibaina ne suka ja ni. Ashe darakta bai yanke rassan ba! Da jirgi ya taɓa ruwa, jama'a na tafa wa jarumi, yarana suka miƙe suna kiran sunana. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Can gefen hoto ga rufin gidanmu, ga shanyar Albertine a kan igiya. Ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Na sayi tikitin gobe. Saukar kawai nake so in sake dubawa.